Allon kwali: yadda za ki ba yaron da ba ya magana hanyar faɗin abin da ke ransa

Ɗan farina ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. "Yaron nan" nake ce masa a gida, haka zan kira shi a nan. Yana da shekara 2 sanƙarau ya kama shi, a annobar 2017 wadda ta fi yi wa Zamfara ɓarna a kan sauran jihohi. Mun daɗe a kwance a asibiti a nan Gusau. Allah ya bar mana shi, sai dai mun dawo gida hannunsa na dama a naɗe, ƙafafu babu ƙarfi, 'yan kalmomin da ya fara kamawa kuma suka tafi ba su dawo ba. Kunnensa ras yake. Idan ƙannensa suna rigima a tsakar gida, shi ke fara dariya.

Shekara 5 muka yi muna zaman kintace. Ya yi kuka in ce yunwa ce, ya ture kwano in ce barci ne. Mutane suna ce mini ai uwa ita ke jin maganar bebenta, ni ma na ɗauka haka ne, har wani mako da ya kwana 4 yana buga kansa da bango. Aka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu. A rana ta biyar na zo ɗaga shi da safe na ga mugunya ta ɓata matashin kai, daga kunnensa na hagu take fita. Kwana 4 yaro yana fama da ciwon kunne, ni uwarsa ina zaune a kan keken ɗinki taku uku tsakaninmu, ban sani ba.

Tun ranar na daina yarda cewa uwa ta isa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma dole a samar masa hanyar da zai faɗa da kansa. Wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ce ta fara nuna mini yadda ake yi, da biro a bayan katin asibiti. Sauran mun koya ne ni da yaron nan, muna yi muna gyarawa. Abin da muka koya shi zan zayyana miki, ko naki sanƙarau ne, ko wahalar haihuwa, ko galahanga, ko gubar dalma irin wadda ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum a 2010 ta bar wasu da rauni a ƙwaƙwalwa.

Kafin ki yanka kwali, a duba kunnensa da idonsa a asibiti. Sanƙarau ya shahara da kashe kunne. Idan ya tabbata kurma ne kuma hannuwansa lafiya lau, to hanyarsa maganar hannu ce, harshe ne cikakke da kurame ke hira da ciniki da shi. Ki kai shi cikinsu ya koya, ke ma ki koya. Allon da zan bayyana ya fi amfani ga wanda yake ji amma baki ya ƙi, ko wanda hannun ma ba ya ba shi haɗin kai sosai.

Sai ki samu ɗan littafin makaranta ki yi mako guda kina kallonsa kawai. Duk abin da ya yi ki rubuta: me ya yi, a wane lokaci, me ke faruwa a gidan. Za ki tarar ya daɗe yana magana. Ni a makon na gane cewa idan ya miƙe ƙafar hagu ya sandare, fitsari yake ji. Idan ya kalli ƙofa ya kalle ni, ya ji ƙarar babur ɗin babansa tun daga bakin layi, kafin kowa ya ji. Na kuma gane cewa fuskarsa tana ruɗa ni. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma yaron da jijiyoyinsa ke ɗaurewa yakan yamutse fuska yana cikin murna, yakan yi kamar murmushi yana cikin ciwo. Littafin nan ki ajiye shi da kyau, duk wanda zai zauna da yaron ki ba shi ya karanta.

Abu na farko da za ku tsayar tsakaninku shi ne "eh" da "a'a". Ki nemi motsin da yake iya yi da gangan a duk lokacin da ya so: ɗaga hannu, kallon sama, juya kai, matse yatsanki. Ɗaya ya zama eh, wani daban ya zama a'a. Namu ɗaga hannun hagu shi ne eh, kawar da kai gefe shi ne a'a. Ki fara da tambayar da amsarta take da daɗi, kina riƙe da abin a hannu: "In ba ka rake?" Ya ɗaga hannu, ki ba shi nan take, ki ce, "Ka ce eh, ga shi." Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. Idan kika ce "koko kake so ko shayi?" kin ɗaure shi, domin eh ba ta amsa wannan tambayar, a'a ma ba ta amsa ta. Kuma duk gidan su san alamar, kada kakarsa ta riƙa karanta ta daban, babansa daban.

Daga nan sai zaɓi tsakanin abu biyu na zahiri. Ki riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, da tazara, yadda za ki gane wanda ya kalla ko ya miƙa wa hannu. Wanda ya zaɓa shi za ki ba shi, ko da kina ganin ɗayan ya fi so. Ta haka zai gane cewa nuninsa yana da ƙarfi. Ki riƙa sauya hannu, don kada ya saba da ɓangare guda.

A nan ne na ga abin da ba zan manta ba. Tun da aka sallamo mu, koko nake ba shi kowace safiya, saboda ya fi sauƙin haɗiya. Ranar da na riƙe kofin koko da kofin shayi a gabansa, ya ƙura wa shayin ido bai ko ƙifta ba. Na sauya hannu, ya bi shayin. Washegari haka, jibi haka, kwana 7 a jere. Na ɗaga kokon shi kaɗai na ce, "Kana son wannan?" Ya kawar da kai har sai da wuyansa ya yi ƙara. Shekara 5 ina ɗura masa abin da ba ya so, ba shi da hanyar cewa a'a sai kuka, kukan kuma ina kiransa rigima. Na ajiye kofin na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, sannan na fito na dafa masa shayi.

Yanzu allon. Ki samu kwalin taliya mai kauri, ki yanka shi kamar girman allon makarantar allo. Ki ja layuka da rula ki fitar da gidaje 20, ko da hotuna 6 kawai za ki fara liƙawa. Sauran gidajen ki bar su fanko, suna jiran kalmomin da za su zo. Dalili shi ne hoto ba ya tashi daga gidansa idan ya zauna. Ni ƙafata ta san inda fedar keke take ko a cikin duhu, haka hannun yaro yake haddace inda "ruwa" yake. Idan kika riƙa jujjuya hotuna, kullum sai ya koma farko.

Hotunan ki ɗauka da waya, da rana, a kan farin ƙyalle yadda babu tarkace a baya. Kofinsa na gaske za ki ɗauka, butarsa, tabarmarsa, ba na cikin littafi ba. A wanke miki su a shagon hoto. Girman ya danganta da hannunsa: mai iya nuni da yatsa girman kwalin ashana ya ishe shi, mai nuni da dunƙulen hannu kamar nawa sai an yi kamar tafin hannu, a rage yawan gidajen. Inda babu kuɗin wanki, takardar Lipton da ledar Maggi da ɓawon sabulu duk hotuna ne, almakashi da gam kawai suke buƙata. A ƙarƙashin kowane hoto ki rubuta kalmar da manyan baƙaƙe, don baƙo ya karanta ba sai ya tambaye ki ba. Sannan ki lulluɓe allon da salatif mai faɗi, ko a yi masa laminatin, saboda yawu da miya. Ki huda kusurwa ki sa igiya.

Wace kalma za ta hau? Nan na yi kuskure, kuma kusan kowa yana yi. Allona na farko abinci ne da ban ɗaki: ruwa, shayi, tuwo, hoce, fo, barci. Cikin mako biyu ya gaji da shi, domin mutum ba ciki ba ne kawai. Kalmomin da suka raya allon su ne waɗanda ke shiga ko'ina: ƙara, ya isa, bari, zo, tafi, ina so, ba na so, taimake ni, ciwo, tsoro, ina?, wane ne? Da "ƙara" kaɗai zai nemi ƙarin tuwo, ƙarin wasa, ƙarin tatsuniya. Kada ki damu da yadda za a zana "ƙara" ko "bari". Ki yi kowace alama mai sauƙi, tafin hannu a buɗe ko da'ira ja, ma'anarta za ta zauna ta hanyar amfani. Ki sa hoton mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, da wuraren da yake zuwa. A bayan allon ki zana mutum, gaba da baya, don ya nuna inda ke ciwo. Gida ɗaya kuma ki keɓe shi ga wannan: "abin da nake nufi ba ya kan allo". Idan babu shi, dole ya zaɓi abin da ba shi yake nufi ba, ke kuma ki tafi da zaton kin fahimta.

Kin gama allo, kin ajiye a gabansa, bai taɓa ba. Haka ake yi. Jariri yakan yi shekara yana jin Hausa kafin ya furta kalma ɗaya, shi ma sai ya ga ana magana da allon kafin ya yi. Don haka ke za ki fara. Kina zuba masa abinci ki taɓa "ƙara" ki ce, "In ƙara maka?" Za ki fita ki taɓa "tafi" da "kasuwa". Kika ƙone da tukunya ki zo ki taɓa "ciwo" ki nuna hannunki. Ba kowace kalma za ki taɓa ba, ɗaya ko biyu a jimla sun isa. Ki jawo ƙannensa ciki. A gidanmu ƙanwarsa ce ta fi kowa saurin kamawa, takan zauna gabansa ta ce, "Yaya, wa ya fi surutu a gidan nan?" ya kai hannu kan hotonta, su yi ta dariya. Abin da za ki guje wa shi ne mayar da allon jarrabawa. "Nuna mini kofi, nuna mini buta" ba hira ba ce, kuma yaro ya san bambanci. Musamman idan an yi baƙi, kada a ɗauko shi a ce ya nuna musu abin da ya iya.

Sai jira, wanda ya fi komai wuya. Saƙo yana daɗewa kafin ya tashi daga kansa ya isa hannunsa. Idan kika yi tambaya, ki rufe baki, ki karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku a zuci kafin ki sake cewa komai. Maimaita tambaya yana katse shi ne, ya koma farko. Sau da yawa ina kan ta uku hannun yake fara tashi.

Kuma kada ki kama hannunsa ki kai kan hoto. Na san zuciya tana so, ganin yana wahala. Amma idan hannunki na kan nasa, ba ki da tabbacin waye ya yi maganar, ke ko shi. An yi wannan a ƙasashen waje da sunan taimako, gwaji ya nuna mai riƙe hannun ne ke zaɓar kalmomin ba tare da ya sani ba, har ƙungiyar ƙwararrun ji da magana ta Amurka ta fitar da matsaya a 2018 cewa a daina. Abin da za ki gyara shi ne zamansa: ki tokare bayansa da matashi, ki karkata allon, ki matso da shi ɓangaren hannun da ke aiki. Idan hannun ba ya zuwa sam, ke ki riƙa bin layukan da yatsa kina tambaya, "A wannan layin yake?" Ya ba da alamar eh, sai ki bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya har ya tsayar da ke. Yana cin lokaci, amma maganar tasa ce.

Za ki gamu da masu ja. Surukata, wadda take son yaron nan kamar ranta, ta dube ni wata rana ta ce, "Ke ɗiyar ga, wanga kwali hana shi magana za shi yi. In ya samu na nunawa, mi za shi sa ya buɗe baki?" Na ce, "Inna, shekara 5 babu kwali, bai buɗe ba." Tsoronta ba na banza ba ne, iyaye da yawa suna da shi, har masana sun bincika. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2006 ya tattara binciken da aka yi a baya, ya tarar a cikin waɗanda aka tantance babu wanda maganar bakinsa ta ragu saboda irin waɗannan hanyoyi, mafi yawa ma ƙaruwa ta yi, ko da kaɗan ce. Amma abin da ya kwantar wa Inna da hankali ba wannan ba ne. Babansa ne ya tuna mata cewa Annabi Zakariyya ya kwana 3 ba ya magana da mutane sai da ishara, kamar yadda ya zo a Ali Imrana aya ta 41, kuma malaman fiƙihu sun karɓi isharar bebe da aka fahimta a ciniki da aure. Addu'a ba mu daina ba, har gobe muna roƙa masa buɗewar harshe. Yau Inna da kanta take cewa a miƙo mata kwalin.

Allon nan harshensa ne, don haka inda yake nan allon yake: ɗaki, tsakar gida, gidan biki, asibiti. Ki yi guda biyu ko uku, ɗaya ƙarami na jaka. Kada a rataye shi a ƙusa don kada ya ɓaci. Kada a taɓa ƙwace shi don horo, ko da ya dame ki da "ƙara, ƙara, ƙara". Ba kowace buƙata za ki biya ba, amma kowace magana za ki amsa: "Na ji, kana son fita, yanzu rana ta yi zafi, sai la'asar."

Akwai dalilin da ya fi wannan nauyi. Yaron da ba ya iya kai ƙara shi mugu yake nema, mace ko namiji. Wata rana yaron nan ya taɓa hoton wata da ke taya ni aiki, ya taɓa "ciwo", ya juya allon ya nuna damtse. Na ɗaga rigarsa na ga shaidar mintsini. Shi ya sa nake cewa "bari" da "tsoro" da "ba na so" su hau allo tun makon farko, zanen jikin kuma ya zama cikakke, har da wuraren da muke jin kunyar ambata. Idan ya faɗi irin wannan, ki yarda da shi ki bincika.

Wasu suna ɗaukar duk wannan a matsayin alfarma da ake yi wa yaro idan an samu sarari. Haƙƙi ne, kuma a rubuce yake. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, ta ce a sashe na 21 dole hukumomi su karɓi maganar hannu da sauran hanyoyin da ke maye gurbin baki, su kuma sauƙaƙa amfani da su. Dokar tarayya ta hana nuna musu wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna wariya, ta kuma ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar sadarwa ga majinyacin da ke da matsalar magana. Na taɓa kai shi wani wuri, ma'aikacin ya ture allon gefe ya ce ba su da lokacin wasa da kwali. Ban san dokar ba a lokacin, na yi shiru. Yanzu tun daga ƙofa nake cewa, "Ranka shi daɗe, yana ji kuma yana ganewa. Shi za ka tambaya. In ya ɗaga hannu eh ne, in ya kawar da kai a'a ne, ka ɗan ba shi lokaci." Mafi yawan likitoci suna karɓa da murna, don su ma sun fi son jin ciwo daga mai shi. Haka za ki yi da malamin makarantar boko da na Islamiyya.

Abu ɗaya da halin da jiharmu ke ciki ya koya mini: ki yi masa katin wuya. Mutanen ƙauyukanmu sun san gudun dare, kuma yaron da ba ya iya faɗin sunansa idan ya rabu da nasa, sai Allah. Ki rubuta sunansa, sunan mahaifinsa, garinku, lambar waya biyu, maganin da yake sha idan yana da farfaɗiya, da yadda yake cewa eh da a'a. A rubuta da boko da ajami. Ki naɗe a leda, ki ɗinke a ƙyalle kamar laya, ko ki yi masa aljihun ciki a riga.

Hoto yana da iyaka, baƙi ba su da ita. Duk yadda aka ce miki ba zai iya karatu ba, ki fara nuna masa baƙaƙe, ki fara da na sunansa. Wanda ya san baƙaƙe zai iya faɗin abin da babu wanda ya yi tunanin liƙa masa. Yaron nan yanzu yakan nuna baƙin farko na kalma, mu kuma mu yi ta kawo kalmomi har ya ɗaga hannu. Waya ma tana taimakawa, akwai manhajojin da ake taɓa hoto su yi magana, amma ga caji ga tsada ga faɗuwa ƙasa, don haka ko kin samu kada ki yar da kwali. Idan kuma babba ne, uba ko miji da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki ya ɗauke magana, hanyar ɗaya ce, sai dai kalmomin su zama na babba: gona, kuɗi, bashi, alwala, rediyo, sunayen 'ya'ya. A yi masa magana da girmansa, a kuma nemi shawararsa a kan gidansa kamar da.

Kwanakin baya yaron nan ya yi ta taɓa "tafi", ya taɓa hoton babansa, sannan "ba ya kan allo". Na kawo kasuwa, ya kawar da kai. Gidan Inna, ya kawar. Asibiti, gona, wajen aski, duk a'a. Kwana biyu muna wannan. A rana ta uku, Juma'a ce, babansa ya fito da farar riga yana ɗaura agogo, ƙanensa na biye da shi da darduma. Yaron nan ya ɗaga hannu tun kafin a tambaye shi, ya ƙi saukewa. Babansa ya tsaya ya dube shi ya ce, "Masallaci?" Hannun ya ƙara sama. Na cire masa rigar gida na sa masa ta Sallah, aka ɗora shi a babur tsakanin babansa da ƙanensa, allon na rataye a wuyansa. Da suka dawo na aiki ƙanen ya koma ya ɗauko mini hoton masallacin da waya. Yana layi na uku yanzu, gida na biyu, kusa da kasuwa.